Yadda Muka Kai Keken Iskarmu Tsere a Hanyar Khaibar

Ƙuba

Muna sallame Asuba muka tashi daga unguwarmu ta Ƙuba, a Madina. Ni mai walda ne a wani gareji, abokina Usman kuma Bahaushen Sudan ne mai ɗinkin tanti. Tun bazara muke haɗa keken iska: kujera ɗaya, taya uku, doguwar sanda a tsaye, da ƙyallen da iska ke turawa. Ba inji ko kaɗan. Masu wannan wasa sun ce idan kekenmu ya iya zagaye filinsu, za su sa mu a tseren hunturu.

Mahamat, direba ɗan Chadi, ya zo da akori-kurarsa, ya dubi sandar ya riƙe baki.

"Wannan ai ta fi motar tsawo!"

"Mafi mushkila," in ji Usman da Larabci, wato ba matsala. Ya ɗaura mata jan tsumma a wutsiya, wai shi ke nan.

Shingen binciken hanya

Mun wuce unguwar Bani Harisa rana na ɓullowa. A shinge jami'i ya duba iƙamarmu, wato katin izinin zama, sannan ya zagaya bayan mota.

"Jirgin ruwa ne?"

Na ce a'a, na tudu ne. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya kira wani. Sai da muka kwance igiyoyi, muka baje ƙyallen a bakin titi, Usman yana ta bayani kamar mai huɗuba. Suka yi dariyarsu suka sallame mu, ɗaurin da muka sha wahalarsa muka sake shi daga farko.

Fako

Da hantsi muka karya da wake da gurasa a wani gidan mai, muka bar kwalta kafin Khaibar. Filin fako ne shimfiɗaɗɗe, kekuna biyar sun riga mu. Iska kuwa ɗif. Ko tsumman Usman bai motsa ba.

Zaman jiran nan ne ya cuce ni, don hannun Usman ba ya zama. Ya rage wa tayoyi iska, ya matsar da sandar baya, ya ɗaure ƙyallen tamau.

"Usman, bar shi yadda muka gwada shi!"

"Kai dai ka san ƙarfe, Habibu. Iska tawa ce."

Bayan La'asar ta taso gaba ɗaya. Na shiga, aka ɗaga tuta. Wallahi ban taɓa jin gudu irin wannan ba. Na wuce kekuna biyu, tayar dama ta bar ƙasa, ina jin Usman yana ihu, "Saki igiya! Saki!" Igiyar da shi ya ƙulle da hannunsa. Na ja birki, sandar birkin ta biyo hannuna. Na wuce tutar juyawa, na ratsa garken raƙuma, na ƙare a cikin ƙaya.

Makiyayin raƙuman, wani dattijo, ya iso. Ya zaro ni, ya cire min ƙaya a wuya, ya taya ni juya keken. Haushi ne ya mayar da ni kujerar. Na yanke ƙullin da wuƙarsa, na riƙe igiyar a hannu, na lallaɓa na gama zagayen. Ni ne na ƙarshe. Shugaban masu wasan ya share hawayen dariya ya ce, "Kun shiga. Amma ku zo da birki."

Madina

A hanya Usman ya ce ai gudun ya nuna gyaransa daidai ne. Na juya fuskata wajen taga. Mun iso Ƙuba ana kiran Isha.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni da ƙafafuna. Na gode wa Mahamat, da dattijon da ban ma tambayi sunansa ba. Usman kuwa, tasa godiyar sai kafaɗata ta warke.