Takardar gonar tsohon Mungadi

Jama'a, yau dariya ta kusa kashe ni a ofis!

Muna ɗaukar hoton tsofaffin takardu a Jega, sai ga wani tsoho daga Mungadi, maƙwabcinsa Sani ya kawo shi a babur. Ya miƙo takardar ajami ɗinke cikin fata, wai shaidar gonar kakansa ce, a sa a kwamfuta.

Na farke ɗinkin, na karanta da ƙarfi. Ashe aron gonar aka ba kakansa! Mai gonar kuwa kakan Sani ne!

Tsoho ya ce, "Ɗana, sake dubawa."

Sani ya ce, "Malam, buga min kwafi biyu."

Na buga. Ya tada babur.

Tsoho ya ce, "Sani, ni hwa?"

Ya ce, "Baba, taka da ƙafa. Ka biya ka yi wa albasarka bankwana."