Mai Ɗaure Kwamfutoci

A shagon intanet na bakin tashar Gwarzo nake kallon mai gyaran intanet: dogo, siriri, shuɗiyar waya rataye a kafaɗa. Kwamfuta ɗaya ce ke da intanet, ga ɗalibai cike da benci, kuma yau ake rufe rajistar jarrabawa. Yana durƙushe yana jan waya daga wani ƙaramin akwati zuwa kowace kwamfuta, kamar mai ɗaure maruƙa. Yadda yake naɗe ragowar a gwiwar hannu, wallahi wannan ya yi kiwo.

"Malam, za mu samu kuwa?" in ji wata ɗaliba.

"Kowace kwamfuta sai ta sha, ƙanwata."

Korayen fitilun akwatin suna kamawa ɗaya bayan ɗaya. Yana tsaye yana bin su da ido, ƙirji a buɗe, kamar garkensa ne ya dawo gida cif.