Dabbobin Tawul a Baranda

Wata shekara cikin shekarun casa'in, lokacin muna zaune a unguwar Camberwell a London, aka gayyaci maigida taron likitoci a wani tsibiri na Karebiyan, aka ce ya zo da iyali. Ni ban so zuwa ba. Maƙwabciyata ce, wata 'yar Gana da ke zaune a hawan ƙasa da namu, ta tsaya kai da fata. "Hajiya, ka tafi ka huta mana! Yara na wurina. Sanyin London ya shanye ka kamar kilishi." Haka take magana, kowa "ka" ne a bakinta, har kajin da take soyawa. Na haɗa kaya, na sa buta da dadduma da yajin daddawa, muka tafi.

Otal ɗin kuwa sai wanda ya gani. Bishiyoyin kwakwa har bakin ruwa, rairayi fari tas kamar garin shinkafa, teku shuɗi ya miƙe iya ganinka. Turawa kwance a rana ana gasa su gaba da baya, ni dai ina sunkuyar da kai ina istigfari a madadin kowa.

Da muka shiga ɗaki sai na ga wani tsuntsu a tsakiyar gado, irin agwagwar nan mai dogon wuya da muke gani a tafkin wurin shaƙatawa. Da tawul aka naɗe shi, aka soka masa jan fure a baki. Na daɗe ina zagaya shi ina sa wa hannun da ya yi shi albarka. Sai lokacin la'asar ya yi. Na shimfiɗa dadduma, na fuskanci alƙibla, na ɗaga kai, sai ga tsuntsu yana kallona ido cikin ido.

Tun muna Islamiyya aka koya mana mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da siffar abu mai rai. To ni na ƙetare teku, na bar 'ya'yana a hannun mutane, sannan in kwana a ɗakin da mala'iku ke tsaye a waje? Na ce bismillah, na warware shi, na ninke tawul ɗin sumul.

Washegari muka dawo daga karin kumallo, sai ga giwa. Har da hanci da faffaɗan kunnuwa.

A nan na gane abin da ya faru. Matar da ke gyara ɗakin, wata baƙa ce mai faɗin fuska da wushirya, sa'ar yayata, ta ga na rushe tsuntsu ta ɗauka tsuntsu ne ba na so. Na haɗu da ita a bakin ƙofa tana tura keken kayanta. Ta nuna giwar da haɓa, ta tambaye ni da Turanci ko wannan ta fi. Fuskarta cike da murna. Me zan ce? Na ce ta yi kyau ƙwarai.

"Ki faɗa mata kawai, Hajiya," in ji maigida yana ɗaura agogo.

"Haba Likita! Mutum ya yi maka kyauta ka ce ya kwashe abinsa? Ina kara?"

"To ki cire mata kai. Malamai sun ce in babu kai ba siffa ba ce."

"In yi wa giwar mutane yankan rago, ta zo ta tarar? Wallahi ba da ni ba."

Sai dabara ta zo mini. Baranda ai ba ɗaki ba ce. Na rungumi giwa na kai ta waje, na zaunar da ita a kujera tana kallon teku, na rufe ƙofar gilashi na yi sallata.

Matar ta ga giwa a wurin shan iska, ta tabbata ta samu masoyiyar dabbobi. Aka kawo kada. Aka kawo kunkuru. Wata rana muka tarar da biri yana lilo a jikin abin rataye kaya, sanye da tabaran karatun maigida. Duk na kwashe su zuwa baranda, na jera. Wasu tsofaffin Turawa, mata da miji, da ke ɗakin kusa suka fara leƙowa suna ɗaukar hoto, tsohuwar har tana yi wa kunkuru barka da safiya.

Matsalar ita ce tawul ya ƙare. Duk wanda aka kawo ya zama dabba, ni kuma na hana a taɓa. Na wayi gari na ga babban likita ya fito daga wanka ɗaure da zanen atamfata.

"Saura ɗankwali," na ce.

"Ki yi dariya. Tawul na nan birjik amma duk suna kiwo a waje."

Ranar da likitocin ba su da zama muka shiga ƙaramar bas ta mutanen gari, direba yana tuƙi kamar ana bin sa da sanda, kiɗa yana tashi har cikin haƙori. Muka wuce gonakin rake da gidajen katako masu fenti kala-kala, muka sauka a wata kasuwar ƙauye. Sai na ji kamar an mayar da ni gida: ga kuɓewa, ga rogo, ga mangwaro, ga tsamiya, ga akuya tana satar ganyen mai tebur ana korarta. Fuskoki ma irin namu. Wata tsohuwa mai sayar da barkono sak gwaggota, saura kaɗan in durƙusa in gaishe ta.

Ina cikin latsa kuɓewa na ji an dafa ni. Matar ɗakinmu ce, ba kayan aiki, da kwandon kifi a hannu. Muka rungume juna kamar 'yan uwa. Sai ta matso kunnena ta ce ta tanadar mini babban abu gobe. Mutane za ta yi, ni da maigida, zaune a kan gado riƙe da hannun juna. Har ta ga hularsa a kan tebur, ta dace.

Dabba dai na iya kai ta baranda. Amma in ɗauki kaina da mijina in jera mu tsakanin kada da biri? Ko kuwa in yi salla ina fuskantar mutum-mutumina?

Maigida ya juya yana duba abarba kamar bai taɓa ganin abarba ba.

Na tattaro Turancin sakandare, na riƙe hannunta, na fara. Na ce aikinta ya fi kyau, Allah ya ba ta hannu. Na ce ni mai salla ce, kuma a addininmu mala'iku suna jin nauyin shiga ɗakin da ke da siffofi. Na ce shi ya sa nake fitar da su, ba don shan iska ba. Na tsaya ina jira in ga fuskarta ta canza.

Sai ta ajiye kwando, ta zauna a kan buhun wani, ta yi ta dariya tana dukan cinya har hawaye. Ta ce ita fa wuyan hannunta ciwo yake da naɗe-naɗen nan, birin ma sai da ta je wurin wata abokiyar aikinta aka koya mata, don kar in gaji da dabbobin ƙasa. Ta share ido ta ce in dai mala'iku ne, ita ma tana son su shiga ɗakin da take sharewa.

Washegari da hantsi ta ƙwanƙwasa ƙofa, muka fita baranda tare. Na warware kada, ta warware kunkuru, maigida ya zo ya fizge giwa ya shige banɗaki da ita ko sallama babu. Tsohuwar Baturiya tana leƙe tana ta salati irin nasu.

Birin ne kawai na kasa. Na miƙa mata shi, na juya ina kallon teku har ta ce mini an gama.