Godiyar da Hansatu Ba Ta Kai Ba

Duk wanda ya taɓa cin masa a taron suna a Hyattsville ko Lanham, da wuya in ba ta hannun Hansatu ya ci ba. 'Yar Maraɗi ce, gajera, ba ta da yawan magana, in tana tafiya kamar tana gudun kada ta ta da wani daga barci. Karatunta na allo ne, boko kuwa ba ta yi nisa ba aka cire ta don ta taya uwarta suya. Mijinta Idrissa ne ya kawo ta Amurka. Shi yana aikin haɗa sauti a sashen Hausa na gidan rediyo, ita kuma ta zo da tandarta a cikin akwati, naɗe da tsohon zani. Allah bai ba su haihuwa ba. Suka zauna su biyu sama da shekara ashirin, tana suya, yana kai wa mutane a mota, yana yi mata Turancin da ba ta iya ba.

Shekarar korona Idrissa ya kwanta. Aka ɗauke shi zuwa wani asibiti a Largo, Hansatu ta bi har bakin ƙofa aka mayar da ita, don ba a barin kowa ya shiga. Ta dawo gida ta zauna da waya a cinya.

Wata rana bayan azahar wayar ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Ta ga wata mace sanye da takunkumi, an rufe ta ruf, idanu kaɗai ake gani. Sai matar ta yi mata Hausa.

"Mama, sannu. Ni ce nas ɗin Baba. Sunana Chundung, 'yar Jos ce ni. Kirista ce ni, amma cikin Musulmi na tashi, na san abin da ake yi. Lokaci ya matso, Mama."

Ta jingina wayar a inda Hansatu za ta gani. Ta tambaye ta ina alƙibla take a ƙasar nan, ta tura gadon ita kaɗai har ya juya. Ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe. Sannan ta ɗaga masa ɗan yatsa ta riƙe.

"Ki faɗa, ni in maimaita masa a kunne. Injin nan ya cika ƙara."

Hansatu ta faɗi kalmar shahada, Chundung ta sunkuya ta maimaita, ba ta tsallake ko harafi ba. Suka yi ta yi. Hansatu ta ga leɓen mijinta ya motsa. Da ya cika, matar ta shafe masa idanu, ta miƙar masa da ƙafafu. Can sai aka ƙwala kiranta daga wani ɗaki. Ta waiwayo ta ce, "Ina zuwa, Mama." Wayar ta katse.

Hansatu ba ta ce mata ta gode ba. Ba ta samu fili ba.

Maƙwabciyarta Rumasa'u, Bakanuwa mai aikin renon yara, ta ce su nemi lambar asibitin su kira. Hansatu ta ƙi. A inda ta tashi, wanda ya yi maka irin wannan ba a yi masa godiya daga nesa. Da ƙafarka za ka je, da abu a hannu, ka durƙusa. Ita kuwa tana cikin takaba, ba fita. Ta ce in ta fita, nan za ta fara zuwa.

Haka kuwa aka yi. Da ta gama takaba ta soya masa ta cika kula, ta hau jirgin ƙasa har ƙarshen layi a Largo. Ta yi ta faɗa wa mai gadi sunan har ya gaji ya kira wata nas, baƙar Ba'amurkiya mai suna Lizzy. Lizzy ta dubi kular, ta dubi Hansatu, ta zaunar da ita a benci. Turancin Hansatu kaɗan ne, amma ta gane. Ciwon ya kama Chundung ita ma. Ta kai wajen wata guda a raye bayan Idrissa, sannan ta rasu. Da an kira a makonnin farko, da an same ta.

Hansatu ta koma gida da masarta ba a buɗe ba.

Tun daga nan take jin muryar. Ba mafarki ba ne, da rana tsaka take ji: in ta sauke tanda mai ya yi shiru, ko in ta sallame sallah tana zaune a kan darduma. "Ina zuwa, Mama." Sai ta juya wajen ƙofa. Ta je wa malamin masallacinsu da maganar, ya ce ta bar wa Allah bayinsa, ta yi wa iyalin matar fatan alheri. Ta yi. Muryar ba ta daina ba.

Shekaru suka wuce. Asibitin ya kafa allo na sunayen ma'aikatansa da annobar ta tafi da su, ba sunan Chundung, wai ita ta hannun wani kamfani aka ɗauko ta. Abin ya ci wa Lizzy rai. Ita da Jerome, mijin marigayiyar, suka fara neman taimako don a yi mata mutum-mutumi na tagulla a wani ɗan lambu kusa da tashar bas. Rumasa'u ce ta kawo labarin, ta shigo tana cire takalmi.

"Yaya Hansatu, mutuniyarki za a yi wa gunki."

"Mutum-mutumi dai."

"Ko me suka kira shi, da hanci da ido zai zo. Ke da ko hoton Malam Idrissa kin ƙi ratayawa a bango, ke ce za ki sayi tagulla? Ki sa sisi ki gani, ran Juma'a sunanki ya koma Hansatu mai gunki."

"Ban ce zan sa ba."

"Ba ki ce ba za ki sa ba kuma. Na san shirun nan naki."

Gaskiyar Rumasa'u ce. Hansatu ba ta taɓa shakka a kan hukuncin siffa ba, tun tana yarinya ta san shi. Amma duk duniya wannan ne abu guda da ake yi wa matar da ta riƙe yatsan mijinta, ga shi kuma shi ne abin da hannunta ba zai iya shiga ba. Ta yi kwanaki tana ƙona masa, ita da ba ta ƙonawa.

Ran Asabar ɗin da aka sa taron neman taimakon, a wani zaure a Lanham, ta shirya ta tafi da kula biyu. Mutane sun cika, nas-nas da kayan aiki, mutanen Filato da iyalansu, ana yawo da kwandon tara kuɗi. Da ya zo gabanta ta sunkuyar da kai ya wuce. Ta ajiye masar a tebur, ta nuna wa mai kula da abinci da hannu cewa ta ci ce, ba ta sayarwa ba. A gaban zauren akwai samfurin mutum-mutumin da aka gina da yumɓu, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle kada ya bushe. Ta kau da ido.

Aka nuna mata Jerome, wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura, direban bas. Ta je gabansa ta durƙusa har ƙasa.

"Haba Mama, ki tashi. Me ya faru?"

"Bari in gama tukuna."

A durƙushe ta faɗa masa komai, gadon, audugar, yatsan. Jerome ya jawo kujera ya zauna, don ya ga ba za ta tashi ba.

"Ba ta taɓa gaya mini ba," ya ce. "In ta dawo, a gareji take tuɓe kayan aiki, ta yi wanka, ta ce in ba ta shayi kawai."

"Na zo mata godiya na tarar ta tafi. Yanzu kuma ga abin da kuke yi, ni ba zan iya sa hannu a ciki ba. Ka yafe mini."

"Na san addininku, Mama, cikin Musulmi na girma ni ma. Ita kanta da ta ga abin nan dariya za ta yi, ta ce an rage mata ƙiba." Ya goge ido da bayan hannu. "Ni ma ban iya kallonsa sosai ba."

Lizzy ta gane ta, ta matso tana tambayar me ake cewa. Jerome ya juya mata da Turanci, yana yi yana tsayawa. Da ya gama Lizzy ta yi magana mai tsawo, shi kuma ya mayar wa Hansatu: za a yi rubutu a dutse a wurin, har yau ba su tsayar da abin da za a rubuta ba. Ko za ta ba su kalmomin?

Hansatu ta yi tunani. Rubutu ba siffa ba ne. Ta ce to, amma dutsen ya zama daban, kada ya taɓa tagullar. Kuma kada a sa sunan Allah, wuri ne na takalma da karnuka. Lizzy ta yarda. Ta ce ta faɗa a hankali, tana so ta ji yadda ake furtawa.

Hansatu ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara. Ba ta dubi Lizzy ba, ba ta dubi Jerome ba. Ta fuskanci ƙyallen nan mai ɗigar ruwa, wanda har yanzu ba a yaye ba.

"Sannu da aiki," ta ce. "Na gode."

Sai ta tsaya shiru, kamar yadda ake tsayawa in an gai da mutum, tana jira a amsa.