Mai Nono Ta Wuce

Ba zan taɓa manta Larabar da hedimastan wata makaranta a Kusada ya kira ni ba. Ina shagonmu a Kankiya, ko sati shida yayana bai yi da rasuwa ba. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce kwamfutarsu ta ƙone, an sayo wata, kuma ran Juma'a iyaye za su zo karɓar sakamakon yara. Manhajar da ke buga sakamakon yayana ne ya rubuta musu.

Ni dai buga takardu na iya. Duk da haka na ɗauki littafin marigayi da filashinsa, na hau acaɓa.

Aikin kansa ba shi da yawa. Rubutun manhajar yana cikin filashin, sai dai a ba kwamfuta umarni ta haɗa shi da wasu laburare uku, wato kayan aikin da wasu suka rubuta, kowa ke ara. Umarnin layi ɗaya ne a littafin: sunan fayil ɗinmu a gaba, laburaren a baya. Sai na ga abin ba tsari. A gidanmu manya ake fara ambata. Na sa laburaren gaba, ɗan fayil ɗinmu ya koma ƙarshe.

Nan take kwamfuta ta zubo ƙorafi, wai ba ta san inda sunaye kaza da kaza suke ba. Na duba, ga laburaren nan zaune lafiya lau. Na goge su, na sake sawa. Haka na wuni.

"Ƙanen injiniya," in ji hedimasta, "ko mu aika Kunduru a samo mai rubutun sha?"

"Malam, a ƙara mini haƙuri."

"Ni ina da shi. Iyayen yara ne ban sani ba."

Washegari da hantsi muna zaune, mai nono ta bi ta bakin taga tana talla. Hedimasta na ta laluben kwano a ƙarƙashin tebur. Kafin ya fito ta sha kwana. Ya dawo yana dariya, ya ce, "Wannan baiwar Allah, in ba ta iske ka da kwano a hannu ba, ta wuce ke nan. Ba ta komowa."

Sai na ji kamar muryar yayana. Ya taɓa gaya mini haka, ina rabin saurare: in kwamfuta za ta haɗa manhaja, daga hagu take bin layin umarnin zuwa dama, in ta iso laburare ba wanda ya riga ya nemi wani abu a cikinsa, sai ta wuce. Na mayar da fayil ɗinmu gaba, yadda ya rubuta. Kwamfuta ta yi shiru, firinta ta fara aiki. Da na gaya masa dalili, hedimasta ya ce lallai mai nono ta ci ladan injiniya. Na yi dariya, sannan na fita waje na ɗan tsaya.

Tun ranar na koyi kada in gyara abin da ban gane dalilinsa ba. A shafin ƙarshe na littafin yayana ya fara tsara yadda hoton kowane yaro zai fito a katin sakamakonsa, ya rubuta "gobe" a gefe. Har yau ban ƙarasa masa ba.