Kai Wa Kawu Mesarsa Bawku

Salaga zuwa Yendi

Ana idar da sallar asuba muka bar Salaga, ana yayyafi, ga akwatin katako a kan cinyata. Ni Rabi mai doya, wadda ko tsaka ta faɗo daga rufi sai na tara unguwa da ihu, yau ni ce rungume da mesa! In ba don Kawu Salisu ba, wallahi ko a mafarki.

Shi ya riƙe ni tun rasuwar babana. Mesar kuwa irin ƙaramar nan ce marar dafi, mai dunƙulewa kamar curin fura, ta yi shekaru a hannunsa. Da ɓarin jikinsa ya shanye, 'yarsa Hawa ta ɗauke shi zuwa Bawku, ta rantse ba ta shiga mota da maciji. Tun da ya isa ya ƙaurace wa abinci. Sai ga Hawa a waya tana kuka: "Yaya, ki kawo masa abarsa, kada ya mutu mana a hannu."

A gida da ƙwan lantarki yake ɗumama akwatin in damina ta yi sanyi, a kusurwa ɗaya, ya kewaye ƙwan da raga don kada ta nannaɗe shi ta ƙone. A hanya ina lantarki? Sai ya koya mini ta waya, muryarsa da ƙyar take fita: ruwan ɗumi a gorar roba, a naɗe da tsumma, in gwada da bayan hannu. "Gefe guda za ki sa, Rabi. Ita ba ta da ɗumin kanta. In ta ji sanyi ta matso, in ta ji zafi ta ja baya. Ki bar mata wurin gudu."

Direbanmu Alhassan, Badagombe ne mai barkwanci. Ya ce, "Hajiya, menene a ciki, zinariya?" Na ce baƙuwa ce. Ya leƙa ta ragar murfin, ya yi salati, daga nan har Bimbila bai ƙara yi mini wasa ba. A Bimbila gorar ta huce, na roƙi wata mai koko ruwan zafi. Ta sirka mini da na sanyi, ta ƙara da ƙosai kyauta, tana cewa Allah ya raya jariri. Na ce amin, na yi gaba.

Yendi

Wajen azahar muka shiga Yendi cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya. Motar Bawku sai gobe, don haka na sauka gidan Mma Azumi, ƙawar mahaifiyata. Tsohuwar nan ba ta san tsoro ba. Ta leƙa akwatin ta ce, "Ayya, baiwar Allah, sanyi ya dunƙule ta." Ta kawo mini tuwo da miyar ayoyo, na ci, na shiga wanka bayan la'asar. Ban gaya mata gargaɗin Kawu kan ɗumama gefe guda ba, don ban zaci za ta taɓa akwatin ba.

Ashe Mma ungozoma ce ta gaske, a wurinta duk mai jin sanyi mai jego ne. Ina fitowa na tarar ta ɗora akwatin a kan bulo biyu, ta tura murhun gawayi ƙarƙashinsa, ta lulluɓe shi ruf da bargo. Tana murmushi ta ce, "Yanzu za ta ji daɗi."

Innalillahi! Na fizge bargon. Mesar ta warware, tana ta dungurar raga da baki, ta wannan kusurwa ta koma waccan, ko'ina zafi. Na taɓa gindin katakon, ya gasa mini hannu. Ban san lokacin da na buɗe murfin na cusa hannu biyu na ɗauko ta ba. Ta nannaɗe mini damtse, ina ta kiran sunan Allah. Mma ta taho da bokitin ruwan randa za ta sheƙa mata, na ce a'a, kada mu fitar da ita daga wuta mu jefa ta ƙanƙara. Na zauna a kan siminti, na bar ta ta zame da kanta ta kwanta. Sai da aka kira magariba ta sake dunƙulewa.

Mma ta fashe da kuka. "Da na kashe wa Salisu abarsa da hannuna!" Na ce, "Mma, alheri kika nufa." Ita da kanta ta sirka ruwan gorar da safe, tana gwadawa da bayan hannu.

Yendi zuwa Bawku

Da hantsi muka tashi, muka bi ta Gushegu da Nakpanduri. A shingen sojoji kafin Garu wani ya ce in buɗe. Na ce, "Ofisa, da kanka ko ni?" Ya leƙa, ya yi tsalle baya, abokansa suka yi ta yi masa dariya. Suka ce mu wuce.

Da yamma na isa gidan Hawa. Kawu ya rame har na kasa kallonsa. Ya sa aka ɗora masa mesar a ƙirji, ya juya cikinta da hannunsa mai lafiya, ya ga wani ɗan ja kusa da wutsiya. Na faɗa masa zancen murhun gawayin. Ya ce zai warke in ta yi saɓa. Can ya tambaya, "Wa ya fito da ita?"

Na ce, "Ni."

"Da hannunki?"

"Da hannuna, Kawu."

Ya daɗe yana kallona, hawaye na bin gefen fuskarsa. Sai ya ce, "Hawa, akwai sauran koko?"

Komawa

Na kwana biyu, na ga an sa wa akwatin ƙwan lantarki a kusurwa ɗaya, sannan na biyo ta Tamale na dawo Salaga lafiya. Na gode wa Allah da ya kai mu, na gode wa mai kokon Bimbila da ban san sunanta ba, da Mma Azumi da gawayinta duka. Ina kwance kayana Hawa ta bugo, wannan karon da dariya: "Yaya, ya cinye tuwon, har yana faɗa wai miyar ba gishiri."