Tsohon Sojan da Ke Gyaɗa Kai

A dandalin kamfe na Kebbe, kujerar gaba tasa ce. Dattijo ne dogo, busasshe, da lambobin yabo biyu a ƙirjin koɗaɗɗiyar rigarsa. Takalmansa kuwa sun sha goga, sai ka ce yanzu za a kira fareti.

Ɗan takara yana ta zuba alkawari a lasifika: kwalta har Fakku, asibiti, fanshon 'yan mazan jiya. Kowanne ya faɗa, dattijon yana gyaɗa kai. Ko mai jawabi ya tsaya shan ruwa, kan nan ba ya tsayawa.

"Ku dubi Saje Sambo!" in ji ɗan takara. "Wanda ya ga wuta a Laberiya ma ya gamsu!"

Wuri ya kaure da tafi.

Ƙanen dattijon, wanda ya goyo shi a babur, yana tsaye kusa da ni. "Ba yarda shika yi ba, malam, rashin lafiya ce," in ji shi. "Likita ya ce wataƙila hayaƙin da yas shaƙa a sansani, na tayoyi da batura da maganin feshi, shi yat taɓa mai ƙwaƙwalwa. Kowace jam'iyya aron shi takai."

Saje yana ɗaga hannu ya tallafe haɓarsa don kan ya tsaya, hannun ma rawa yake.

Ina jin sa'ad da yake yawon ofisoshi neman magani, ko benci ba a nuna masa ba. Sai da guba ta koya wa kansa cewa "i" aka ba shi kujera.